Tulun Iri da Baƙin Tsingaron Mushe

Damina ashirin da biyar ke nan da muka kai ɗana na fari makwancinshi. Ban iya lissafin takarda ba, amma na iya na damina, kuma ko guda ban ɓatar ba. Ba zan faɗi sunanshi ba. Ɗan fari ne, bakina bai saba ba, ba kuma yau zai saba ba. Mutanen Tasawa Mushe suke ce mashi, wato malam da Faransanci, don ya karantar da ɗiyansu a lise, makarantar sakandare. Ni ma Mushe zan ce.

Ni maginiya ce, tukwane da tuluna da randuna. A wajen Attantane aka haife ni, aure ya kawo ni wani ƙauye na ƙasar Urafane, a nan na tsufa. Ban taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba. Jikata Barira, ɗiyar marigayin, ita ke rubutawa, ni ke faɗi. Na gaya mata ta sa maganar yadda ta fito, ko ta taɓa ta, ko ta taɓa wani.

Shekara da shekaru, in ranar ta zagayo, sadaka nake yi in ja bakina. Bana ba zan ja ba. Ga dalili. Barira ta bi sawun ubanta a karatu har ta gama iniwarsite, wato jami'a, kuma an ba ta wuri a wata ƙasa mai nisa, ta je ta ci gaba da binciken abin da ya bari. Ila, ƙanen ubanta, wanda ya ɗauke ta tana rarrafe ya riƙe ta har ta zama mutum, ya ce ba da yawunshi ba. Ya ce karatun nan ya cinye mashi wa, ba zai ƙara mashi da ɗiya ba. Ita kuwa ta ce ba za ta taka mota ba sai Baba Ila ya sa mata albarka, ko da wurin zai wuce ta. Lokacin tafiya kuma yana matsowa. To, ku saurara. Sai an san tulun kafin a san tsingaron.

A gidan da na fito, in an yi girbi, kafin a ɗaure dami guda na ci, sai an bi gona an zaɓi zangarniyar da ta fi cika. A sussuke ta daban, a shanya ta bushe ƙayau, a gauraya da toka, a zuba cikin tulu, a liƙe bakin da laka. Wannan shi ne iri. Ba a buɗe shi don baƙo, ba a buɗe shi don biki, ba a buɗe shi don yunwa. Sai ruwan shuka ya sauka, an tona ƙasa an ga danshi ya nutsa, sannan a fasa lakar.

Sai fari ya zo, wancan babban, wanda a cikinshi sojoji suka fara hawa mulki. Damina ta zo ta wuce kamar ba ta gan mu ba, ta sake zuwa ta sake wucewa. Shanun makiyaya suka zube a bakin rijiyoyi. Maigidana ya yi Kudu neman abin da za mu sa a baki. Mushe yana lakwal a Tasawa, a gidan wani ɗan'uwan ubanshi. Ni ina gida da Ila da ƙaramarsu Hajo, da tulu guda a ƙarƙashin gado.

Mun ci dusa. Mun ci anza, a jiƙa a zubar da ruwan ɗaci, a sake jiƙawa a sake zubarwa. Mun tona gidan tururuwa mun ƙwace mata abin da ta tara. Ila yakan kwanta a ƙasa kusa da gadon ya ce, "Iya, ina jin ƙamshin gero." In ce mashi, "Hancinka ke maka ƙarya, tashi." Maƙwabta suka fasa nasu tulunan ɗaya bayan ɗaya, ban kuwa ga laifinsu ba har gobe. Ƙyanda ta shigo gari ta tarar da yara ba ƙarfi, ta ɗauki Hajo. Cikin matan da suka zo gaisuwa na ji wata a bayan danga tana cewa zuciyata ta fi tukwanena gasuwa. Na ji. Abin da ke cikin tulun nan, in an daka, ba zai riƙe mu mako ba. In an shuka kuwa, shekara ce.

Ranar da ruwa ya sauka na fasa lakar. Na shuka, na kuma ɗiba wa masu zagin nawa a tafin hannu, don irin da aka ce za a raba bai iso ba sai da ƙasa ta fara bushewa. Da kaka ta yi, Ila ya ci tuwon geron nan har barci ya kwashe shi da loma a hannu. Yana nan da ranshi, a tambaye shi.

Kwanci tashi, Mushe ya wuce lise, ya wuce babban birni, aka ba shi burs, kuɗin karatu, ya tafi ƙasar Turawa. Yana can wani farin ya sake zuwa, sojojin kuma suna nan inda suke. Maigidana ya rasu a tsakani. Mutane suna ce mani, "Ɗanki yana can yana cin burodi da karatu, ke kina tankaɗen dusa." Da aka ji zai dawo, kowa ya wanke ido. Wani ya ce mota zai kawo, wani ya ce injin niƙa. Ya sauka da akwati guda. Tsarabar da ya miƙo mani ƙwaya biyu ce baƙaƙe, kowace faɗin dala, kaurinta bai kai yatsa ba. Na juya su a hannu, na ƙwanƙwasa da farce, na ce, "Wannan ai gasasshiyar ƙasa ce."

Ya yi dariya har sai da ya zauna a kan kututture. Ya ce, "Ita ce, Iya. Duk shekarun nan ginin tukwane na je na koyo. Gado ya bi ni har can."

Ina kwaɓa yumɓu, yana yi mani bayani. Gari uku ake haɗawa, ɗaya daga jan ƙarfe ya fito, biyun sunansu ya fi ƙarfin harshena. A niƙa su a ɗan turmi har hannu ya gaji, a danne, a gasa da wuta mai tsanani wadda ba ta hawa ba ta sauka, a fasa, a sake niƙawa, a sake gasawa. Sannan a bar abin ya huce a hankali yana shan iska. In an yi mashi gaggawa, ya tashi aiki. Wannan kam na gane.

Na ce, "Me ake dafawa a ciki?" Ya ce ba a dafa komai, kuran, wato wutar lantarki, ke bi ta ciki. Ya ce in tuna da wayar kuran da ta biyo bakin titi zuwa Tasawa. Kuran da ke tafiya cikinta kamar ruwa ne a tulu mai yoyo, kafin ya iso gida wani ya tsiyaye a hanya. Wayar tana tare shi, tana ɗaukar zafi, zafin nan kuwa asara ce. An daɗe da sanin cewa wasu ƙarafa, in an sanyaya su sanyin da ya wuce misali, sai su daina tarewa ɗungum, kuran ya wuce ba a rasa ko ɗigo ba. Amma wancan sanyin wuyar samu gare shi. Ana nan, yana can yana karatu, sai aka gano gasasshiyar ƙasa irin wagga tana yin haka da sanyin da ya fi sauƙin samu. Abin ya girgiza malamansu, don ƙasa gasasshiya an san ta da hana kuran wucewa, shi ya sa ma ake ɗaura waya a kanta a saman ginshiƙi. Ya ce har mai zafi suke ce mata, alhali sanyin da take so ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba. Na ce lalle mutanen can ba su taɓa yin bazara a Mayahi ba.

Labari ya bazu cewa Mushe ya yi shekaru a ƙasar Turawa ya dawo da tsingaro. Sai ya ce zai nuna wa garin da idonsu. Ya tafi Maradi wurin ma'aikatan dabbobi, waɗanda ke ajiye irin bijimai cikin wani ruwa mai tsananin sanyi, ya roƙo ruwan cikin tarmus, butar nan mai riƙe zafin shayi. Ruwan nan ba ya jira, da kanshi yake komawa iska, ba a kuma toshe shi gam. Motar da ya shiga ta lalace bayan Tasawa, suka daɗe a rana. Da ya iso, ranar kasuwar Urafane ce, gari ya watse, Ila ya tafi da jaki, ni kaɗai ce a tsakar gida. Ya girgiza tarmus ɗin a kunnenshi ya ce, "Iya, ba zai kai la'asar ba. Ba ni kasko."

Na ba shi kasko. Ya sa ƙwaya guda a ciki ya zuba ruwan. Ruwa ne a ido, amma yana tafasa ba wuta, hayaƙinshi kuma ƙasa yake bi, ba sama ba. Ya ce iskar da muke shaƙa ce aka sanyaya har ta zama haka, kada in sa yatsa. Ya jira tafasar ta lafa. Sai ya ɗauko ɗan mayen ƙarfe kamar ƙwayar wake, ya kai shi bisa baƙin abin nan, ya saki.

Bai faɗi ba.

Ya tsaya a iska, tsakaninshi da tsingaron kamar kaurin yatsa. Na ce a'uzubillahi, na ja baya. Mushe ya ce, "Ba aljani, Iya. In ya yi sanyi, ƙarfin mayen ƙarfe ba ya samun shiga cikinshi yadda ya saba, turo shi yake waje. Zura tsinke ki gani." Na zare tsinke daga tsintsiya na zura a ƙarƙashi, ya fita ta wancan gefe, babu zare babu komai. Ya taɓa shi kaɗan, ya kama juyi a wuri guda kamar mazari. Muka zauna mu biyu muna kallo har ruwan ya ƙare. Da sanyin ya saki, ƙarfen ya sauko a hankali ya zauna, kamar tsuntsu ya gaji.

Da ƴan kasuwa suka dawo, tarmus wayam. Aka taru, aka ce a gwada. Ya ɗora ƙarfen, ƙarfe ya zauna daram. Aka bushe da dariya. Ya ce, "Iya ta gani." Wani ya ce, "Ai uwa ce." Na ce na gani, sau ɗaya, na yi shiru, don uwa ba ta tsayawa gaban jama'a tana yabon ɗan fari.

Ila bai yi dariya ba. Yana son wanshi, kuma dariyar ta ƙona shi fiye da kowa. Ya ji an ce sanyi ke tayar da abin, mu kuwa a duniyarmu ba inda ya kai randa sanyi, wadda na gina da hannuna aka kafa cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwar itacen bedi. Da Mushe ya tafi Tasawa, sai Ila ya ɗauki ƙwaya guda ya jefa cikin randar, ya bar ta kwanaki ta sha sanyi sosai, don ya tara mutanen nan ya rufe masu baki. Da ya tsamo ta, ta yi fari-fari a jiki, gefenta yana marmashewa. Mushe ya zo ya riƙe ta a tafin hannu ya daɗe. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ruwa ne ajalinta, Ila. Ni ne ban gaya maka ba." Tun daga ranar Ila bai sake sa bakinshi a maganar ba. Ɗayar da ta rage, Mushe ya sa ta cikin ƴar kwalba ya murɗe murfin, ya ce in ajiye inda danshi ba ya kaiwa. Wuri guda na sani mai irin wannan amana. Na gina ƙaramin tulu, na gasa, na cika da toka, na nutsa kwalbar a tsakiya, na liƙe da laka, na tura ƙarƙashin gado.

Aka ba shi aikin karantarwa a lise. Ɗakin bincike babu, murhu babu. Sai ya zo ya ɗebi yumɓuna, muka gina mashi murhu tare, ya naɗe cikin da waya mai jan zafi in an sa mata kuran. Yana da sauran garin da ya zo da shi cikin gwangwanaye. Gashin nan yana son wuta ta yini ta kwana ba ta motsa ba, kuran Tasawa kuwa ba ya yi wa kowa alkawari. Ya niƙa, ya danne, ya sa a murhu, ana tsaka da gashi a ɗauke. Abin ya fito kore-kore, matacce. Ya sake niƙawa, a sake ɗaukewa. Haka garin ya yi ta raguwa.

Wata rana ya zo hutu, mata biyu suna lugude a turmi guda a tsakar gidanmu. Ya tsaya yana kallonsu, ya ce mani, "Iya, kin ga abin da ke hana ni barci." Na ce, matan mutane? Ya yi dariya ya ce a'a, taɓaren. Ya ce kuran ƴan mitsi-mitsin abubuwa ne masu gudu, kuma ba sa ƙaunar juna, kowane ture ɗan'uwanshi yake. Amma in sanyin nan ya kama, sai su haɗu biyu-biyu, kuma dukkansu su ɗauki taki guda, kamar masu lugude, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, taɓarya ba ta karo da taɓarya. Shi ya sa ba abin da ke tare su. A tsofaffin ƙarafan an san abin da ke ba su takin, motsin jikin ƙarfen ne da kanshi. A baƙar ƙasar nan kuwa, wadda cikinta hawa-hawa ne kamar an jera faifai bisa faifai, ba a san mai kiɗan ba. Malamai sun rabu, kowa da nashi zance. Ya ce ranar da aka san shi, wataƙila a iya gina wadda ba ta bukatar sanyi ko kaɗan, a ja kuran daga inda rana ta fi zafi zuwa inda ake so, ba a zubar da komai a hanya ba.

Farar hula suka zo, suka tafi, masu kaki suka dawo. Wani babba cikinsu ya kai ziyara lise. Mushe ya tashi gaban jama'a ya roƙi a taimaka mashi da kuran da ba ya yankewa, ko na gashi guda. Shi ya ba ni labarin da bakinshi. Babban ya ce, "Abin naka zai sa a yi ruwa?" Ya ce a'a. "Zai cika rumbu?" Ya ce, "Ba bana ba, ranka ya daɗe." "To yaushe?" Ya ce, "Ban sani ba. Wataƙila jikokinmu." Babba ya yi dariya, don haka kowa ya yi. Ba a daɗe ba aka mai da shi wata makaranta can cikin daji, inda ko ginshiƙin waya babu.

Ban ce mai kakin nan mugu ne ba. Tambayar mai yunwa ya yi, na kuwa san ta, an yi mani ita a gefen gadona. Amma na san amsarta tun kafin ya sa kaki. Iri ba abinci ba ne. Wanda ya auna iri da cikinshi na yau, zai ga banza ce aka liƙe a tulu.

A can dajin mutane suka fara cewa karatu ya yi wa Mushe yawa, yana zana ƙwallaye biyu-biyu a ƙasa yana magana shi kaɗai. Bai taɓu ba. Ni na haife shi, na san idon mai hankali. Ya yi aure, aka haifi Barira. Bazara ta zo da sanƙarau, ya kwanta, kafin amalanke ta kai shi likita ya cika. Ila ya je ya ɗauko gawar, ya ɗauko yarinyar. Uwarta ta yi takaba ta koma gidansu, daga baya ta yi wani aure, Allah ya ba ta zaman lafiya.

Nakan zauna in ce, da zai leƙo yau, me zai gani? Zai ga faifan rana bisa rufin shaguna a Urafane, yara sun yi layi suna cika wayoyinsu da kuran. Wannan zai faranta mashi. Zai ga kaki ya sake hawa, zai ga kuran birni har yanzu yana zuwa yana tafiya yadda ya ga dama, zai ga yashi ya ci rabin gonar ubanshi, damina kuma tana nan da halinta. Zai ji rediyo kullum tana cewa ƙasa ta tsaya da ƙafafunta. Na yarda ta tsaya. Amma ni na ga garin da ya cinye irinshi, na ga yadda ya zauna bakin hanya yana jiran na wani. Ƙasar da ke tambayar ɗiyanta masu bincike ko za su cika rumbu bana, ita ma bakin hanyar za ta zauna.

Na san kuma abin da zai fara tambayar ɗiyarshi, tun kafin ya tambayi lafiyata. Zai ce, "An gano mai kiɗan?" Na tambaye ta a madadinshi. Ta ce an samu wasu irin ƙasar, an auna, an rubuta, an ƙara sani da yawa, amma har yau malaman ba su haɗu a kan magana guda ba, kuma wadda za ta yi aiki a zafin ɗaki irin namu ba a same ta ba. Ina jin ba zai yi baƙin ciki ba. Zai ce ashe an bar mata aiki.

Ranar sadakar bana, da malamai suka shafa fatiha suka tafi, hantsi ya ɗaga, na ce wa Barira ta jawo mani ƙaramin tulun nan. Na sa aka kira Ila. Ya zo ya zauna bakin tabarma, furfura ta cika mashi gemu, ya ga tulun ya kau da kai.

Ya ce, "Iya, na san abin da ke ciki. Yarinyar nan ta nuna mani a waya, na ga ƙarfe yana tashi. Waya kuwa har akuya ta nuna mani tana waƙa. Amma a bar shi a gaskiya ne. Na yarda. Me ya ba shi? Ya mutu inda ko fitila babu, ana ce mashi taɓaɓɓe. Ni na wanke shi. Ni na saɓo wagga a kafaɗa. Ta zauna ta karantar a lise kamar kowa, inda idona ke ganinta."

Na ce, "Ka tuna tulun shekarar fari?"

Ya ce, "Na tuna Hajo."

Barira ta sunkuyar da kai. Na ce, "Ni ma. Ba ranar da ban tuna ta ba. Da na fasa, da mun ci kwana kaɗan, da na binne ta duk da haka, da kuma na binne ka bayanta."

Ya ce, "In ta je ta dawo kamar shi fa? Ba murhu, ba kuran, sai dariyar mutane?"

Na ce, "Sai ta dawo. Ranar da na liƙe wancan tulun ba wanda ya yi mani alkawarin ruwa."

Na ɗauki dutse na fasa lakar. Na tona tokar na fito da kwalbar, na hure ta. Ƙwayar tana ciki, baƙa ƙirin yadda ya bar ta. Barira ta ce, "Kaka, shekarun da yawa, mai yiwuwa ta mutu." Na ce mata, "Ke yi mani shiru, ƴar lakwal. Iri ma ba duka ke fitowa ba, ba a fasa shuka don haka."

Ban miƙa mata ba. Ila na miƙa wa. Na ce, "Kai ka riƙe ta, kai ne ubanta. In ka ga dama ka ba ta. In ba ka ga dama ba, ga randa can, ka san hanya."

Ya dube ni kamar na mare shi. Sai na ga ya goge tafin hannunshi a riga, ya sake gogewa, ciki da baya, har gumin ya bushe, sannan ya karɓa. Ya ɗaga kwalbar a rana ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Ke, Barira. Sanyin nan, har yanzu ana samunshi a tarmus?"

Ta ce, "Ana samu, Baba."

Ya sa mata kwalbar a hannu ya rufe yatsunta a kai. Ya ce, "To in kin dawo ki zo da shi cike. Kuma kada ki zo ranar kasuwa."

Ya tashi ya yi bayan rumbu, ya daɗe bai fito ba.

Mushe bai bar gida ba, bai bar mota ba. Murhun da muka gina ruwan sama ya narkar da shi tuntuni. Abin da ya bari, tambaya guda ce da ba a amsa ba, da ƙwaya guda baƙa, da yarinyar da sunan da ban taɓa faɗi ba yake biye da nata a kowace takarda. Ba na sa ran ganin ranar da za a gano mai kiɗan. Wanda ya liƙe tulu ba lalle shi zai ci tuwon ba. Tulun kuwa na zuba mashi sabuwar toka, ina jiran zangarniyar bana.

Saura magana guda. Waɗanda suka yi dariya ranar kasuwar nan, da yawansu sun riga ni, Allah ya gafarta masu. Waɗanda suka rage, a karanta masu wannan da ƙarfi, don kunnuwansu sun yi nauyi. A wancan lokaci na faɗa sau ɗaya na yi shiru saboda kunya. Yanzu na tsufa, na bar wa matasa kunyar. Ƙarfen nan ya tashi. Ba abin da ke riƙe da shi. Ni na zura tsinken da hannuna.